Tsohon da Za a Rabu da Shi Ranar Alhamis

Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, da saura kaɗan ya bar gidan ɗansa saboda ƙwallon kwando, wasan da ko ƙwallonsa bai taɓa riƙewa ba. Ku tsaya ku ji yadda aka yi, don ni da aka ba ni labarin sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Baba a kan sitiyari ya ƙare ƙuruciyarsa. Taka kuloci ya cinye masa gwiwar hagu, aka yi masa aiki, aikin bai yi yadda ake so ba, ya koma tafiya da sanda. Da matarsa ta rasu, babban ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa.

Gidan haya ne a saman bene, ɗaki biyu da falo. Ɗaya na ɗan da matarsa, ɗaya na Baba. Auta, ƙaramin ɗan Baba, a falo yake shimfiɗa katifa, da safe ya naɗe ya tura bayan kujera. Ga matar gidan da ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Kowa ya san gidan ya yi musu kaɗan, amma ba mai faɗa.

Babban ɗan mai gyaran firji ne, sai dai ba wanda ke kiransa da sana'arsa. Koci ake ce masa, wato mai horar da 'yan wasa, saboda in aka fara zancen ƙwallon kwando ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Shi da Auta ƙungiya ɗaya suke bi, kuma suna da ciwon nan na 'yan kallo: komai "mu" ne. Mun saya, mun sayar, mun ci, an zalunce mu. Alhali ko igiyar takalmi ba su da ita a ƙungiyar.

To a ƙungiyar akwai wani ɗan wasa da ya daɗe ƙwarai, har magoya baya suka bar kiran sunansa, sai dai Tsoho. Shi ma gwiwa ta taɓa shi. Kuma a gasar akwai doka: albashin duk 'yan wasan ƙungiya in an haɗa ba zai wuce wata iyaka ba. Tsoho ne mai kaso mafi tsoka, don haka in ana son sarari a ɗauko sabon ɗan wasa, sai an miƙa shi ga wata ƙungiya. Ranar Alhamis kuma za a rufe musayar 'yan wasa.

Duk wannan Baba bai san da shi ba. Abin da ya sani kawai, ya sha jin 'ya'yansa a waya suna ce wa abokansu, "Bari in duba tsoho," kuma shi suke nufi.

Ranar Asabar da rana Baba ya fito zai shiga banɗaki, yana dafa bango a hankali. Sai ya ji muryar Koci daga falo kamar ana faɗa.

"Ni fa gaskiya nake faɗa maka, Tsoho ya zame mana kaya! Gwiwa ta tafi, an yi aiki bai yi ba. Kullum yana zaune yana kallon mutane, kuma shi kaɗai ya cinye mana sarari."

"Haba Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Auta. "Lokacin da ba mu da komai wa ya riƙe mu? Mutumin nan a kafaɗarsa ya ɗauke mu shekara da shekaru."

"An gode masa, Allah ya saka. Amma da tausayi ake tafiyar da harka? Ga sabon yaro yana zuwa, ina za mu sa shi? Ko kyauta ne a ba da shi, in dai akwai masu karɓa."

"Wallahi ba ka da kirki."

"Na ji, ba ni da kirki. Kafin Alhamis dai dole a san inda za a kai shi."

Baba ya manta abin da ya fito da shi. Ya juya ya koma ɗaki, ya zauna a bakin gado ya ƙura wa gwiwarsa ido. Gwiwa, sarari, sabon yaro. Ba abin da bai dace da shi ba. Abin ya yi masa ciwo sosai, ciwon da bai ji irinsa ba tun rasuwar uwar yaran.

Bai yi fushi ba, kuma bai tambayi kowa ba. Sai ya ce a ransa bari ya nuna musu shi ba kaya ba ne.

Washegari ya tura sandar ƙarƙashin gado, ya riƙa takawa haka nan yana cije leɓe. Ya wanke kayansa da kansa. Famfon kicin da ya daɗe yana ɗiga, ya nemi sifana ya ɗaure shi. In aka kawo abinci sai ya ci rabi ya ce ya ƙoshi. Da surukarsa, matar Koci, ta miƙo masa maganin gwiwa, ya ce ai ƙafa ta warke, a daina wahalar sayowa.

Kun san abin haushin? Koci bai lura da ko ɗaya ba. Da safe ya leƙo daga bakin ƙofa, "Baba an tashi lafiya?" ido a waya, kafin a amsa ya sauka bene. Da yamma ya dawo, shi da Auta su ɗora daga inda suka tsaya. Baba yana ɗaki yana jin "Tsoho, Tsoho" yana ratso bango.

Ranar Laraba ya kasa daurewa. Surukar tana ninke kayan jariri a falo, ya zo ya zauna nesa da ita kaɗan.

"'Yata, maganar nan da yaran ke ta yi, ta tsoho. Sun tsayar da shawara?"

Ita baiwar Allah ta ɗauka surutun ƙwallon ne ya dame shi kamar yadda ya dame ta. Ta yi tsaki ta ce, "Au Baba, har kai ka ji? Wallahi sun ishe ni. Sun ce gobe komai zai ƙare. Ni dai a kai shi ko ina ne mu huta."

Baba ya dube ta. "Ke ma haka kika gani?"

"Ni me na sani, Baba? Na dai ji yayan Auta yana cewa akwai masu son karɓarsa a wani gari mai sanyi."

Gari mai sanyi! Shi da ko fanka aka kunna gwiwarsa sai ta yi ta sara. Ya ce, "Allah ya sauke ki lafiya," ya koma ɗaki.

Ranar Alhamis Koci ya rufe shago da wuri, Auta ma ya gudo daga wurin aiki. Suka baje a falo, kowa da waya a hannu, talabijin a kunne, ana jiran labari. Sai ƙofar ɗakin Baba ta buɗe.

Ya fito cikin kayansa na fita, an goge su tsaf, sanda a hannu ɗaya, jaka a ɗaya. Ya ajiye jakar a tsakiyar falo, ya zauna ya gyara murya.

"To, ga ni. Na share ɗakin, na cire zanen gado, sai ku sa wa jariri abin da za ku sa. Ba na riƙe kowa a zuciya. Alfarma ɗaya nake nema: in da hali, kar a kai ni gari mai sanyi. In kuma an riga an gama magana, shi ke nan, a saya mini safa mai kauri."

Koci ya saki baki. "Baba, ina za ka? Wane gari?"

"Kai za ka faɗa mini. Ba kai ka ce kafin Alhamis a san inda za a kai ni ba? Ka ce na zama kaya, na cinye sarari, ko kyauta ne a ba da ni." Ya juya wajen Auta. "Kai kuma na ji yadda ka tsaya mini. Allah ya yi maka albarka."

Auta ne ya fara ganewa. Ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Innalillahi! Yaya, Tsoho! Baba ya ɗauka shi ne Tsoho!"

Surukar da ke bakin kicin ta saki murfin tukunya a ƙasa. "Wayyo ni! Ni da na ce a kai shi ko ina ne mu huta! Baba ka yafe ni, wallahi ɗan ƙwallo nake nufi!"

Koci ya lalubo hoto a waya, ya durƙusa ya nuna wa mahaifinsa. Wani ƙato ne dogo, kansa ya kusa taɓa kwando, an naɗe masa gwiwa da baƙin ƙyalle.

"Baba ga shi. Wannan ne Tsoho. Albashinsa ne ya cika wa ƙungiya wuri, sabon yaron kuma ɗan wasa ne da ake son ɗaukowa. Ba jaririnmu ba."

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita. "Wannan ne tsohon? Shekarunsa nawa?"

"Bai kai arba'in ba."

"Ko furfura ɗaya babu! Lokacin da na fara jan bas ko uwarsa ba a yaye ba."

Sai ya sauke wata irin ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko. Dariya ta kama shi, yana yi yana share ido da hannun riga, har da tari. Auta ya faɗi a kan kujera yana riƙe ciki. Surukar tana dariya tana kuka, ba ta san wanne za ta bari ba. Baba ya ce mata, "'Yata, in da sauran abinci ki kawo, kuma ki cika kwanon. Tun Lahadi yunwa nake ji. Ki haɗo da maganin nan, ƙafar ba ta warke ba."

"Gadon jariri a ɗakinmu za a sa, tuni muka gama wannan maganar," in ji Koci.

Auta ya ce, "Ai in akwai wanda za a miƙa wa wata ƙungiya a gidan nan, ni ne. Ni kuma ko kyauta ba mai karɓa."

Koci kaɗai ne bai yi dariya ba. Yana nan durƙushe, muryarsa ta yi ƙasa.

"Amma Baba, ka yarda zan iya yi maka haka? Ni?"

Baba ya daina dariya. Ya dube shi ba tare da fushi ba.

"Na yi wa kaina wannan tambayar. Sai na nemi ranar da ka shigo ɗakina ka zauna muka yi hira, na kasa tunowa. Daga bakin ƙofa kake gaishe ni, idonka a waya. Na ajiye sanda ba ka gani ba, na rage ci ba ka gani ba. Gwiwar wancan bawan Allah kuwa ka san ranar da aka yi mata aiki. Da abin da na ji da abin da nake gani, sai suka zo daidai. Shi ya sa na yarda."

Mutumin da ba a taɓa kayar da shi a musu ba, ranar sai ya kifa kansa a kan gwiwar mahaifinsa, mai ciwon, ya yi kuka irin na yara. Baba ya dafa kansa ya ce, "Ya isa, ya isa. Tashi, kana danne mini ƙafa."

Koci da kansa ya ɗauki jakar ya mayar ɗaki, ya jera kayan, ya shimfiɗa zanen gado. Yana fitowa wayoyin suka yi ƙara tare. Auta ya duba, ya ce a sanyaye, "An miƙa shi. An rabu da Tsoho."

Abin da Koci ya yi mako yana wa ihu ya tabbata, amma sai ya kife wayarsa a kan kujera.

Baba ya ajiye cokali. "Su wa suka karɓe shi?"

Auta ya nuna masa rigar sabuwar ƙungiyar a waya.

"To daga yau tasu nake yi. Ku matsa mini in zauna a tsakiya, ku koya mini yadda ake cin wasan nan."

Suka matsa masa. Koci ya jawo ƙaramin teburi ya ɗora masa ƙafar a kai, ya fara bayani tun daga farko, a hankali. Duk inda Baba ya katse shi da tambaya, sai ya saurara har Baba ya gama.

Darasi: Iyayenmu ba daga bakinmu kaɗai suke gane matsayinsu ba, daga zamanmu da su suke ganewa. Wanda ake shiga ɗakinsa a zauna ba zai ji magana ta bango ya haɗa jaka ba. Kuma in ka ji abin da ya sosa maka rai, ka tambaya kafin ka yanke hukunci. In naka tsohon yana raye, ajiye wayar nan ka je ka zauna da shi, amma kafin ka ajiye, tura wannan labarin ga ɗan'uwanka da ya san lafiyar 'yan ƙwallo fiye da ta mutanen gidansa.