Ranar da Gizo Ya Bar Kura a Rijiya

"Iya, wai kafin ki fara tatsuniya kin san ƙarshenta?"

Ramlatu ce, 'yar wan maigidana, ta tambayi kakarsu bayan magariba. Ina bakin murhu ina kankare tukunyar tuwo, sai na rage hannu don in ji.

Iya ta ce, "Ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata rana namun daji suna hutawa a gindin kuka, Gizo ya ce yau shi zai ba da labari. Ƙoƙi matarsa ta ja shi gefe ta ce, "Ka shirya shi kuwa?"

Ya ce, "Ke dai zauna. Bakina zai nemo hanya."

Ya gyara murya. "Ana tsakiyar rani, Kura ta je shan ruwa, sai ta zurma rijiya, tinjim!"

Kowa ya fashe da dariya, ban da Kura da ke zaune a gaba. Ta ɗora masa ƙafa a baya ta ce, "Madalla. To fito da ni. In ka bar ni a ciki, yau kai ma a rijiya za ka kwana."

Gizo ya laluba kansa, wayam. Ya ce, "Sai ga Giwa ta miƙa hanci ta jawo ta."

Giwa ta ce, "Ni? Yaushe na shigo? Ko sallama ban yi ba a labarin nan, sai aiki?"

Ya ce, "To, sai aka sheƙa ruwan sama, rijiya ta cika, Kura ta taso."

Zomo ya ce, "Ba rani ka ce ba? Da tsawon kunnuwan nan nawa dai ban ji damina ba."

Gumi ya karyo wa Gizo. Ya ce, "To... ashe mafarki take yi!"

Kunkuru ya ce, "Tun hantsi nake rarrafe in zo nan, ashe mafarki zan tarar?"

Kura ta ce, "Tun da ba ka san hanyar fita ba, je ka gano ta." Ta sure shi ta wurga a tsohuwar rijiyar bayan kuka.

Ya kira Giwa, ta riga ta tafi. Ya duba sama, ko gajimare babu. Ya rufe ido ya buɗe, yana nan dai a ƙasa. Sai a kwana na uku ya zaro zare daga cikinsa, yana maƙalawa a bango yana hawa, har ya fito duk ya rame. Tun daga ranar Gizo ba ya sauka daga ko'ina sai ya ɗaura zarensa a sama tukuna.

Iya ta ce, "Kin ji, Ramlatu. Kada ki jefa kowa a rijiyar labari sai kin san ta inda zai fito. Wanda zai yi ceto, ki shigo da shi tun farko. Ƙungurus kan kusu, kowa ya tashi ya kaɗe tabarmarsa."

Na shiga ɗaki na ɗaga katifa. Akwai wani littafin rubutu da nake ɓoyewa a nan, ina ɗan rubuta labari in na gama aiki. Wata biyu ke nan da na hau da wata Tabawa kan giginya a cikin labarin, zaki na jiranta a ƙasa, na rasa yadda zan sauko da ita. Baiwar Allah ko ruwa ba ta sha ba.

Na koma shafin farko, na sa mata wani yaya maharbi. Zai iso gobe in Allah ya yarda. Amma ba wanda zan gaya wa, ko maigida.