Littafin da Aka Ƙi Ɓoyewa

An yi wani mutum a wata jami'a, shekarun baya, ana kiransa Malam Haladu. Ba malamin aji ba ne, jera littattafai ne aikinsa a ɗakin karatu. A shekarar da ɗakunan kwana suka yi wa ɗalibai kaɗan, har wasu suka kama haya a unguwar bayan katanga, aka fara kai musu littattafai duk Laraba. Wannan bawan Allah aka ɗora wa aikin. Yakan ɗaure akwati a bayan keke, ya sauke a inuwar wata tsamiya.

To, ku saurara. Ɗalibai suna da wata ɗabi'a idan jarrabawa ta ƙarato: mutum ya ɗauki littafin da kowa ke nema, ya cusa shi a kantar da ba tasa ba, don kada wani ya gani. A lokacin akwai wani littafin ilimin haɗa magunguna, guda ɗaya tak. Malam Haladu ya riga ya yi wa wata ɗaliba mai goyo, Barira, da abokan karatunta alkawarin kai musu shi.

Sai ga Munzali, ɗan wansa, wanda shi ma ɗalibi ne. Wan nasa kuwa shi ya riƙe Haladu tun yana maraya, shi ya yi masa aure.

"Baffa, kai ka san lungun da ba mai dubawa," in ji Munzali. "Ka ɓoye mini littafin nan kwana goma kawai."

Sai ya shiga tuna wa baffansa alherin mahaifinsa. Maganar ta yi wa Malam Haladu nauyi ƙwarai. Can ya ce, "Ban manta ba, Munzali. Amma littafin nan ba nawa ba ne, balle in ba ka. Laraba zan kai shi unguwa. Idan kana so, ka zo, tabarma tana da faɗi."

Munzali ya fita babu sallama. Wan Malam Haladu ma ya daina amsa gaisuwarsa, kuma abin ya dame shi. Duk da haka ya kai littafin, ɗalibai tara suka riƙa karantawa bi da bi. Laraba ta biyu Munzali ya zo ya tsaya nesa. Da wani lissafin awon magani ya gagari Barira, shi ya matso ya warware mata, ya kuma zauna.

'Yan'uwa, amana takan fi nauyi idan naka ne ya roƙe ka ka saɓa ta. Kowannenmu akwai abin jama'a a hannunsa, ko ilimi, ko kujera, ko mabuɗi. Ranar da na gida ya ce ka ɓoye masa, ka ba shi haƙuri, ka kai abin inda aka aike ka. Allah Ya ba mu ikon cikawa.