Makiyayin da Ya Daina Musayar Bunsuru

Akwai wani makiyayi a gindin wani babban dutse, wanda ya gaji garken awaki daga mahaifinsa. Awakin ba kamarsu ɗaya ba, kuma da dalili.

A zamanin kakannin kakanninsa an yi fari mai tsawo, har kwarin da ake hawa dutsen ta cikinsa ya bushe, dabba ba ta iya ratsa shi. Mutane suka rabu da awakinsu, waɗansu a bisa inda sanyi yake, waɗansu a ƙasa inda babu kome sai ƙaya da rana. Haka suka zauna tsara bayan tsara. A bisa, akuyar da ba ta jure sanyi ba takan mutu tun ba ta haihu ba, har waɗanda suka rage suka zama masu gashi buzu-buzu da faɗin ƙirji. A ƙasa kuwa suka zama jajaye, sumul, masu jimrin ƙishi. Da ruwa ya komo, hanya ta buɗe, sai dattawa suka kafa al'ada, kowace kaka na bisa da na ƙasa su yi musayar bunsuru.

Makiyayin nan mutum ne mai son a tsaya a dubi kayansa. Ya lura cewa masu wucewa jajayen kaɗai suke yabawa. Saboda haka da taubashinsa na kan dutse ya sauko da bunsuru kamar kullum, sai ya tare shi a bakin garke ya ce, "Kai ɗan sama, wannan bunsuru ne ko tsohon bargon kakarka? Koma da shi."

Taubashin ya yi dariya ya ce, "Bargon ma da ranarsa, ranka ya daɗe." Ya ja abinsa ya hau.

Makiyayin ya dandaƙe duk bunsurun da ba ja ba. Matarsa ta ce, "Maigida, Baba bai yi haka ba." Ya ce, "Baba bai san kyau ba." A 'yan shekaru garken ya zama ja gaba ɗaya, mutane kuwa suka tsaya suna duba, yadda yake so.

Sai wata damina ta zo da marka mai tsawo, da sanyin da ba a saba ji a gindin dutse ba. Awakin suka kama tari, suna ta faɗuwa. Tsofaffin awaki kaɗan suka tsira, su da 'ya'yansu. Da ya dube su da kyau, sai ya ga duka jikokin bunsurun kan dutse ne na zamanin mahaifinsa. Fatarsu ja ce, ƙirjinsu kuwa irin na awakin bisa. Jan bunsurun da ya bari don barbara kuwa yana cikin waɗanda suka fara mutuwa.

Garke ba ya tashi ba bunsuru. Da kaka ta yi, ya hau dutsen hannu wofi. Taubashin ya dube shi ya ce, "Sarkin jajaye, me ka kawo na musaya?" Ya ce, "Ban kawo kome ba." Taubashin ya kwance igiyar bunsuru ya miƙa masa ya ce, "Riƙe. In ka sami ja, ka hau mini da shi. Rani ma yana zuwa mana."

Ma'anar wannan misali ita ce, garken nan ikilisiyarmu ce. Ba daga dutse ɗaya muka fito ba. Iyayen waɗansu sun sha yunwa, na waɗansu an kore su daga gonakinsu, na waɗansu sun yi sujada a ɓoye. Kowace wahala ta bar wa zuriyarta wani ƙarfi, Allah kuma bai tara ƙarfin duka a gida ɗaya ba. Mu kuwa, in za a zaɓi dattawa, mukan nemi wanda yake magana da harshenmu. In baƙuwa ta ta da waƙar ƙauyensu, mukan dubi juna. Da haka ake dandaƙe baiwa, ba tare da an kori kowa ba, ikilisiya ta yi kyaun gani.

Ba wanda ya san irin gwajin da ke tafe. Mai yiwuwa haƙurin da zai riƙe mu a ranar gwajin yana wurin mutumin da muka bari a bencin baya. Tun yanzu za mu matsa mu ba shi wuri ya zauna kusa.