Sabon Kwaɗo a Gidan Ƙyanƙyasa

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku. Yau raina a ɓace yake, kuma za ku ji dalili.

An yi wani mutum da ya gaji gidan ƙyanƙyasar ƙwai a wurin mahaifinsa. Ba zan kama sunansa ba. Abokansa suna kiransa Takobi saboda kaifin bakinsa, shi kuma in an kira shi haka har wani gyara zama yake yi.

Ga wanda bai san sana'ar ba, masu kiwon kaji ne suke kawo ƙwansu amana. A jera shi a tire, a sa cikin wani inji mai kama da ƙaton kabad. Kwana ashirin da ɗaya zai yi a ciki, fanka tana juya iska, zafi ba ya hawa ba ya sauka. In aka ɗauke wuta, dole a samu wani a kusa ya tayar da janareto nan take. Abin ya fi haɗari in ƙwan ya kusa fashewa, domin a lokacin 'yan tsakin da ke ciki su ma zafi suke fitarwa. Fanka na tsayawa, sai su dafa junansu. Shi inji bai san Juma'a ba, bai san Lahadi ba.

Mahaifin Takobi ya yi shekara ashirin da huɗu yana aiki da wani Kirista, ana ce masa Baban Inji. Da kunne ya san injin nan. Yana tsakar cin abinci sai ya ajiye cokali ya ce fanka ta biyu ta sake murya, a je a duba, a tarar haka ne.

Suna da tsarinsu, ba a rubuce ba. Ranar Juma'a Baban Inji ya tsaya, marigayi ya tafi masallaci. Ranar Lahadi marigayi ya tsaya, Baban Inji ya tafi coci. Kada ku ɗauka wani ya sassauta nasa addinin. Kowa ya riƙe nasa da hannu biyu, kowa yana ganin shi ne a kan daidai. Amma in lokacin salla ya yi marigayi ya shagala da aiki, Baban Inji ne zai ce masa, "Yaya, lokaci ya yi, je ka, ina nan." Har marigayi yana tsokanarsa da cewa shi ne ladanin da bai taɓa shiga sahu ba.

A hannun wannan dattijo Takobi ya koyi haska ƙwai da tocila, ya gane mai rai da maras rai. Kawu yake ce masa tun yana rarrafe.

Da mahaifin ya rasu, Takobi ya samu wata majalisa a ƙofar wani shago. Ba karatu ake yi a wurin ba, ba a tambayar hukuncin alwala, ba a tuna wa juna haƙƙin maƙwabci. Aikinsu ɗaya, fiɗar addinin wasu. Nan Takobi ya gano wani abu mai daɗi: in ka shekara kana tashi sallar asuba ba wanda zai tafa maka, amma ka yi wa wanda ba addininku ɗaya ba baƙar magana guda, nan take a ce kai namijin duniya ne, mai kishin addini.

Wace ibada ce ta fi wannan araha? Ba yunwa, ba ƙishirwa, ba a taɓa aljihunka. Ka buɗe baki kawai.

Sai Kawu ya koma "wannan mutumin". Baban Inji yana da ɗabi'ar rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa in yana jera ƙwai. Takobi ya riƙa kwaikwayonsa da murya a shaƙe a gaban masu kawo ƙwai, ana dariya. Dattijo ya daina rerawa. Daga nan Takobi ya ce shi ba zai tsaya gadi ranar Lahadi don wani ya je ya yi kiɗa ba. Lahadi uku a jere dattijon nan bai je wurin ibadarsa ba, kuma Juma'a ko ɗaya bai fasa tsaya masa ba.

Mahaifiyar Takobi ta kira shi ɗaki. Ta ce, "Kai ka fi ubanka sanin Allah ne?" Ya sunkuyar da kai ya ce Baba mutumin kirki ne, sai dai ya cika sanyi. Ta ce ta ji, amma ya tuna sanyin nan shi ya riƙe gidan har ya same shi. Ya fito ya yi kunnen uwar shegu da maganarta.

Rannan aka fitar da 'yan tsaki, aka tarar ƙwan da bai fashe ba ya fi na kullum. Kowa ya san dalili, wani ne ya kawo ƙwan da ya daɗe a ajiye. Amma Takobi ya ga mutane sun taru, bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya ce ina ƙwai zai yi albarka a hannun da ba ya alwala. Bai tsaya nan ba, ya zagi abin da dattijon yake bautawa. Ba zan maimaita kalmomin a wurin nan ba.

Baban Inji ya cire rigar aiki ya ninke, ya ɗora makullai a kan tebur. Ya ce, "Ɗana, zagin da ka yi mini na yafe, ni na goya ka. Amma ba zan tsaya ana zagin abin da nake bautawa ba. Abu ɗaya nake roƙonka, kada a bar ɗakin nan babu ido, ko na minti goma."

Washegari Takobi ya je kasuwa ya ce a ba shi kwaɗon da ya fi kowane ƙarfi. Ya sake na babbar ƙofa. Ya gaya wa duk mai son ji cewa irin waɗannan ba a yarda da su, wa ya sani ko ya yanka wani makulli ya ɓoye. Mutumin da ya riƙe makullin gidansu shekara ashirin da huɗu ko ƙwai ɗaya bai ɓata ba!

Ya ɗauko mutum uku daga majalisarsu ya ba su aiki, har da ƙanin matarsa. Aka tsara kowace Juma'a mutum ɗaya zai tsaya. Kuma malamai sun yi bayani, wanda yake tsaron dukiyar da za ta salwanta in ya matsa yana da uzuri. To amma gidan da aka mayar da ba'a ta zama ma'aunin imani, wa zai yarda ya tsaya? Duk wanda layi ya zo kansa, sai Takobi ya leƙo yana gyara riga ya ce, "A'a, yau kai ne ɗan cocin? A yi mana waƙa mana." A tafi ana ƙyaƙyata masa dariya.

Juma'ar da abin ya faru, ƙwai dubu goma sha huɗu ne a cikin injin, kwanansu goma sha tara. Na mutum kusan talatin. A ciki akwai ɗari shida na wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da su take son ta soma kiwo. Ƙanin matar Takobi ne da tsaro. Ya gaji da zama abin tsokana. Suna fita ya dubi ma'aunin zafi, ya ga daidai, ya ce awa ɗaya ai ba komai. Ya datse sabon kwaɗo ya bi wata hanya zuwa masallaci.

Bai yi nisa ba aka ɗauke wuta.

Gidan Baban Inji yana bayan layin. Yana zaune fankar ɗakinsa ta tsaya. Sabo na shekaru ya sa ya kasa kunne yana jiran ƙarar janareto. Minti ɗaya, biyu, biyar, shiru. Ya zura silifas ya fita da gudu, gudu irin na tsoho mai ciwon gwiwa. Ya tarar da ƙofa a kulle. Ya buga, ya yi kira, ba kowa. Layin ya yi tsit, maza duk sun tafi salla.

Ya kira Takobi a waya. A lokacin Takobi yana bakin masallaci yana cire takalmi. Ya ga sunan, ya nuna wa na kusa da shi, ya ce ji wannan, ranar Juma'a ma ba zai bar mutane su huta ba. Ya katse, ya kashe wayar.

Kada wani ya fita daga nan ya ce salla ce ta ja masa. Ƙarya ne. An idar da salla da sauran lokaci, da ya taho kai tsaye ko ƙofar injin ya buɗe iska ta shiga, da an tsira da mafi yawa. Amma ina. Majalisa ya zarce, ƙanin matarsa kuma ya laɓe a wani shago don kada a gan shi. Fiye da awa biyu Takobi da 'yan majalisa suna zaune suna lissafa wa Allah waɗanda zai ƙona.

Da suka dawo, suka tarar da dattijo zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ga dutse a gefensa, yatsunsa suna jini. Ya san me za a ce in aka gan shi yana fasa kwaɗon mutumin da ya kira shi maci amana. Duk da haka ya daka har ƙarfinsa ya ƙare. Kwaɗon bai buɗe ba. Ai dominsa aka zaɓo shi.

Bai yi gori ba. Ya ce, "Yi sauri, ɗana, buɗe injin."

Aka buɗe. Wani zafi mai wari ya bugi fuskokinsu. Wasu 'yan tsakin har sun huda ɓawo sun fito da baki suna neman iska, a haka suka mutu. Takobi ya ɗauki tocila yana haska ƙwai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Kawu ya koya masa. Ba motsi.

Ranar Lahadi matar nan ta zo da kwali uku da ta huhhuda da kanta don 'yan tsakinta su sha iska. Haka ta koma da su babu komai, tana share hawaye da gefen mayafi.

Daga ranar ba wanda ya ƙara kawo masa ƙwai ko ɗaya. Wa zai ba da amana inda aka kulle aka tafi hira? 'Yan majalisa masu yi masa kirari suka watse, har wasunsu suna cewa dama sun san bakinsa zai kai shi. Aka kwance injunan da uban ya kafa aka sayar. Yanzu gidan a rufe yake. Kwaɗon yana nan a ƙofa, da shaidar dutse a jikinsa.

Ya 'yan uwa, me ya sa muke wulaƙanta wanda addininmu ya bambanta? Muna cewa kishi ne. Ni dai ban yarda ba. Mahaifin Takobi ya fi shi salla, ya fi shi azumi, kuma bai taɓa buƙatar zagin kowa ba, domin imaninsa ya zauna. Wanda nasa yake rawa shi ne kullum sai ya taka wani kafin ya ji ya yi tsawo. Girman kai ne aka sa masa rigar addini. Son a tafa ne. Ragwanci ne, domin gyara halinka aiki ne ja, zagin maƙwabci kuwa ko yaro ya iya.

Na san wani zai ce su ma suna yi mana. Ƙwarai, a cikinsu ma akwai masu irin wannan baki, cutar ba ta zaɓar gida. Amma ni ku aka ba ni in yi wa magana. An hana mu zagin abin da wasu suke bautawa, kun sani. Ba wanda ya ce ka yarda da abin da ya yarda da shi. Ka riƙe naka, ka kira shi da kyakkyawan hali in za ka iya. Shekara nawa Takobi ya yi yana zagi, mutum nawa ya shiryar? Ko ɗaya. Sai dai ya sa wani dattijo ya ga muninmu.

Kowannenku ya duba, wa ya sayo wa kwaɗo? Abokin aikinka ne, ko maƙwabciyar da matarka ta daina gaisarwa saboda kai? Ka je ka buɗe tun yana iya zuwa ƙofarka da gudu.

Ya Allah, ka tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinka. Ka raba mu da girman kan da ke shigowa da sunan kishi. Kada ka sa mu kulle alheri a waje da hannunmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.