Gaisuwar da Ta Riga Nomau Isa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

Ranar Talata abin ya faru, tsakanin azahar da la'asar, a wani ƙauye wai shi Marken Gabas.

A ƙauyen akwai yara uku, kowanne da baiwar da Allah ya ba shi. Akwai Kande, wadda ke ɗaga turmi da hannu ɗaya ta share ƙarƙashinsa. Akwai Delu, 'yar mitsitsiya, amma in ta buɗe murya ana jin ta har gari na uku. Kullum ce mata ake ta yi shiru, har ta saba da raɗa. Sai Nomau, wanda ya fi iska gudu.

Yaran ba su cika shiri ba. Kande tana kiran Nomau Ƙafar Fara, shi yana kiranta Turmi, su biyun kuma suna kiran Delu Kalangu.

Gudun Nomau yana da sharaɗi. Kafin kakarsa Tabawa ta rasu, ta shafa ƙafafunsa ta sa musu albarka, ta ce duk ranar da ya wuce babba bai gaishe shi ba, ranar ƙafarsa za ta yi nauyi kamar ta kowa. Nomau bai taɓa mantawa ba. In ya ga furfura, sai ya ci birki ya durƙusa.

Nomau yana da kawu, ƙanin uwarsa, ana ce masa Barau. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Tun farkon rani yake haƙa wa ƙauyen sabuwa, don tsohuwar ta ƙafe. Ya yi zurfi har in ka leƙa ba ka ganinsa, sai dai ka ji ƙarar dagi. A wannan Talatar ya tarar da ruwa. Ya yi kira a ja shi. Aka fara ja, sai igiya ta tsinke.

Ruwa yana ɓuɓɓugowa, Kawu Barau kuwa bai iya iyo ba. Mata suka kawo igiyoyin guga aka ƙulla, ba su kai ba. Mai unguwa ya ce igiya mai wannan tsawo sai a Tudun Kanya, gidan sarkin mahaƙa. Kowa ya juya ya dubi Nomau. Kafin a ce masa jeka, ya ɓace.

Bai yi nisa ba sai ga Iya mai daddawa a gindin tsamiya. Sai ya durƙusa. Ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi ciwon bayan uwarsa, ta tambaya ko akuyar nan ta haihu. Yaro ba ya katse gaisuwar babba, labari kuma sai an gama gaisawa. Da aka gama ya gaya mata, sai ta dafe ƙirji ta ce ya yi sauri. Can a rijiya, ruwa ya kai gwiwa.

Ya sake zabura, sai ga Sambo wanzami yana wasa aska a ƙofar gidansa. Sai ya durƙusa. Sambo ya tambayi gida, ya tambayi rana, ya duba kan Nomau ya ce sumar nan ta isa aski. Da aka gama ya ji labari, sai ya ce me kuma yake jira. Can a rijiya, ruwa ya kai ƙugu.

Ya sake zabura, sai ga Baba Jatau zaune a kan kututture. Baba Jatau kunnensa ya tafi tun da daɗewa. Kowace gaisuwa sai Nomau ya maimaita, tsohon yana kara hannu a kunne yana cewa na'am. Da ƙyar aka rabu. Can a rijiya, ruwa ya kai ƙirji.

Da Nomau ya hango ƙofar Tudun Kanya, sai ya tsaya cik. Suna ake yi a garin. Dattawa sun cika tabarmi, daga bakin hanya har ƙofar sarkin mahaƙa, kuma babu wata hanyar shiga. Ya san in ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai magariba. Sai ya juya ya koma bakin rijiya hannu wofi, yana hawaye.

Kande tana kwance a bakin rijiya tana yi wa Kawu magana don kada ya karaya. Ta ɗago ta ji abin da ya faru.

Ta ce, "Ka wuce su mana, Ƙafar Fara. Kawunka ne fa a ciki."

Ya ce, "In na wuce su, da wace ƙafar zan dawo da igiyar?"

Sai Nomau ya ji ana jan rigarsa. Delu ce. Ta raɗa masa cewa in uwarta ta ba wani saƙon gaisuwa zuwa ga gwaggonta, gwaggon tana cewa tana amsawa. Ashe gaisuwar da aka aika ita ma gaisuwa ce? Nomau ya tambayi mai unguwa. Mai unguwa ya shafa gemu, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin wanda ya mayar da saƙon gaisuwa ba.

Nomau ya ce, "To, Kalangu, na aike ki. Ki gaishe min da su duka."

Delu ta dubi uwarta, don ba a taɓa ba ta izini ba. Uwar ta toshe kunnuwanta da yatsu ta ce, "Buɗe, 'yar nan."

Kande ta ɗauki Delu a tafin hannu ta ɗaga ta sama. Delu ta ja numfashi.

"Iyayenmu na Tudun Kanya da na kan hanya, Nomau jikan Tabawa yana gaishe ku. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, barka da suna, Allah ya raya. Kawunsa yana cikin rijiya, ga shi nan zai wuce."

Kaji suka watse, jakuna suka tsinke turke, ganyen marke ya zubo.

Nomau ya tashi, bai san ko ƙafar za ta yarda ba. Ya wuce Iya, ya wuce Sambo, ya wuce Baba Jatau. Da ya shiga tsakanin tabarmin suna, sai ya ji dattawa suna cewa, "Muna amsawa, yaro, wuce." Ƙafarsa kuwa sai ƙara sauƙi take. Sarkin mahaƙa ma ya ji kiran, yana tsaye a ƙofa da igiya a naɗe. Nomau ya saɓa ta a kafaɗa ya juyo.

Ya tarar ruwa ya kai haɓar Kawu Barau, ya ɗage kai sama kamar kaza mai shan ruwa. Aka zura igiya, ya ɗaura a ƙugu. Maza suna ta gardamar wa zai tsaya gaba wa zai tsaya baya, Kande kuwa ta riga ta fara ja, hannu bayan hannu, kamar mai jan guga. Sai ga Kawu ya fito, laka har gira. Ya yi tari, ya tofar, ya ce ruwan yana da daɗi, sai dai ya bar daginsa a ƙasa. Mutane suka yi dariya, uwar Nomau tana dariya tana share ido.

Mai unguwa ya ce daga yau, in wani abu ya tashi a ƙauyen, kada a kira ɗaya daga cikin yaran nan, a kira su ukun tare. Kande ta ce ta yarda, in dai Ƙafar Fara zai daina kuka a gaban mutane. Nomau ya ce zai daina ranar da Turmi ta koyi gaisuwa. Tun daga ranar ake ce musu 'Yan Rijiya.

Ana shirin watsewa sai ga Baba Jatau ya iso da sandarsa, a hankali. Ya tambaya wace ce ta yi gaisuwar nan. Aka nuna masa Delu, ta ɓuya a bayan Kande, tana zaton faɗa zai yi. Tsohon ya ce rabonsa da ya ji muryar mutum sarai tun matarsa tana da rai. Ya ce in ba damuwa, ta sake gaishe shi. Delu ta durƙusa ta ce masa ina wuni, ba da raɗa ba. Ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, kuma duk amsar da ta bayar ya ji.

Jama'a suka tafi. Waɗanda suka rage a bakin rijiya su ne Kawu Barau, lulluɓe da zanen 'yar'uwarsa yana tunanin daginsa, da Kande tana naɗe igiya, da Nomau yana jira ta gama ya mayar, don ya ce wannan karon zai bi dattawan Tudun Kanya ɗaya bayan ɗaya ko da zai kai dare. Sai Delu da Baba Jatau, ba su gama gaisawa ba.

Kurunkus, ga kan kusu nan na ajiye muku. Kada ku yar da ladabi don kuna sauri, kada kuma ku raina baiwar ɗan'uwanku don ta dame ku. Wata rana ita za ta buɗe muku hanya.