Ɗan jaridar da ya miƙa wa shugaban lardi jaririyarsa

Strahinja ɗan jarida ne a wani lardi na kudancin Sabiya. Yana da basira, amma son zama da manya ya yi masa katutu. Shi ne ya tona cewa gwamnatin lardi tana barin motoci su juye dattin ma'adinai a saman kogin da ƙauyen Jasenik ke sha. Aka dakatar da motocin, aka kira shi Belgrade aka ba shi lambar yabo ta binciken ƙwaƙwaf.

Da ya dawo, shugaban lardin, Milisav, wanda labarin ya kunyata, ya zo har gida taya shi murna. Ya leƙa gadon jaririyar da aka haifa wa Strahinja, ya ce, "Wa zai riƙe wannan kyakkyawa a coci?"

Kowa ya san nauyin kum, wato uban baftisma. Shi ke raɗa wa jariri suna, kuma daga ranar ya fi ɗan'uwa na jini. Ba a ɗaga masa murya, balle a kai ƙararsa. Shi da mahaifin jaririn kuwa da sunan kum suke kiran juna.

Bayan Milisav ya tafi, Dunja matar Strahinja ta ce, "Maigida, mutumin nan bakinka ya zo saye."

"Ke dai ba kya son ci gaba," in ji Strahinja. "Tsorona yake ji, shi ya sa ya biyo ni."

Da ƙafarsa ya je ya roƙi Milisav ya zama kum ɗin yarinyar. Aka yi baftisma, aka gasa rago, duk gari ya ga shugaba rungume da yarinyar.

Kafin rani ya fita, motocin suka dawo. Ruwan ya koma ja, tumaki suka fara mutuwa, yara na amai. Wata tsohuwa daga Jasenik, Zorka, ta zo ofishin Strahinja da kwalbar ruwan kogin, ta dire ta kusa da lambar.

"Ga tsaraba, jarumi," ta ce. "Ka kai wa 'yarka ta sha."

"Iya, a yi haƙuri, ana kan bincike."

"Binciken me? Da jikokinmu ka ci lamba, yanzu kuma ka ci rago."

Maganar ta yi masa zafi. Ya tafi wurin Milisav, ya ce in ba a tsayar da motocin ba zai sake rubutawa. Milisav ya tura masa kofin gahawa yana murmushi.

"Rubuta mana, kum. Rabin gari za su ce ka ci amanar uban baftismar 'yarka, rabi su ce kasonka ne ya yi kaɗan. Wa ya rage ya yarda da kai?"

Ya rubuta ɗin, haka kuwa aka ce. Ba jaridar da ta ɗauki labarin, motoci ba su tsaya ba. Mutanen Jasenik suka sayar da ragowar dabbobinsu suka watse. Lambar tana nan a bangonsa, shi kaɗai yake kallonta.

Darasin a fili yake. Wanda aikinsa sa ido a kan masu mulki, kada ya ƙulla zumunci da su, domin ba don ƙauna suke matsowa ba. Masu ba da lambobi kuma su daina tafi su juya baya. Wajibi ne su koma Jasenik su duba kogin, su karɓe lambar nan, su tsaya sai an mayar wa mutanen ƙauyen ruwansu.