Gaisuwar da Ba a Isar Ba

Akwai wani mutum, manomi, dattijon ikilisiya a ƙauyensu. 'Yarsa da ke aiki a Ingila ta gayyace shi ziyara. Ran Lahadi kafin ya tashi, 'yan'uwa suka yi masa addu'a, suka kuma ɗora masa gaisuwa bisa ga al'adarmu, suka ce, “In ka iske masu bi a can, ka miƙe ka gaishe su da sunanmu.”

Da ya isa, 'yarsa ta kai shi wani tsohon birni mai babbar majami'a ta dutse. Ya yini yana ɗaukar hotuna: hasumiya, tagogi masu launi, kaburburan mutanen dā. Da yamma aka kaɗa ƙararrawa. Waɗansu tsofaffi ƙalilan suka taru a wani lungu domin sujada. Mai tsaron ƙofa ya yafato shi da hannu.

'Yar ta ce, “Baba, mu shiga mana. Ga waɗanda za ka gaisar.”

Ya leƙa, ya girgiza kai. “Waɗannan? Ai ko ƙungiyar zumuntar matan ikilisiyarmu ta fi su yawa. Bari sai na sami taro.”

Ya juya ya ci gaba da hotunansa. Har ya bar ƙasar bai sami taron da yake nema ba.

Da ya komo gida, ya tsaya gaban ikilisiya yana nuna hotuna, mutane suna mamaki. Sai wata tsohuwa, wadda ta ɗebi ruwan kwaɓa ƙasa sa'ad da ake gina majami'arsu, ta ce, “Malam, mun ga ginin. Yaya 'yan'uwan suka amsa gaisuwarmu?”

Mutumin ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Ashe duwatsu ka je ka gaisar.”

Ma'anar wannan misali ita ce, ikilisiya ba gini ba ce, mutanen da suka durƙusa a ciki su ne ikilisiya, ko da ba su cika benci ɗaya ba. Kada ku yi wa manomin nan dariya. Ina ganinku kowace Lahadi: kuna yaba sabon rufi da fenti, amma gwauruwar da ke zaune kusa da ku takan tashi ta tafi ba wanda ya tambayi lafiyarta. Ubangiji ma ya ɗora muku gaisuwa. Ranar da za ku koma gida wurinsa, ba hotuna zai tambaye ku ba.